Ciyawar da Na Fitar Ta Sha Hantsi

Ranar Talata ce bayan Azahar. Ina tsaye a shagon mahauci a unguwar Longsight ta Manchester, ina yi masa tsiya cewa ƙashi yake sayar mini da sunan nama, sai wayata ta yi ƙara. Surukata ce Zainab, matar ɗana, daga asibiti a Birmingham. Na ɗauka da wasa a bakina kamar kullum, na tambaye ta ko mijin nata ya farka ya fara neman ciyawarsa. Sai ta ce, "Baba, sai haƙuri." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na fito na bar naman a kan sikeli. Na daɗe a tsaye a tashar bas ta Stockport Road kafin na tuna gidana da ƙafa ake zuwa.

Ɗan farina ne. Mu mutane ne da ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma yabonsa a gaban mutane, ba ma yi masa kuka a fili. Wannan alkunya na taho da ita daga Kano, kuma ita kaɗai ce kayana da kwastan ba su bincika ba. Don haka Dakta Ciyawa nake ce masa, kuma sunan yana da dalili. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, ba don makarantar ta ƙare ba. A nan Manchester na yi shekara da shekaru ina tura injin yankan ciyawa a wuraren shaƙatawa na council, wato ƙaramar hukuma, har zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, aka yi mana irin yankan da muke yi wa ciyawar. Sai ga ɗana ya zo yana gaya mini zai yi digiri na uku a Birmingham, kuma a kan ciyawa. Na ce masa ko akuya, da ba ta taɓa shiga aji ba, ta san mai daɗi. Ya yi dariya da Hausarsa mai ɗan karkata irin ta yaran nan, ya ce, "Baba, akuya ta san wadda za ta ci, ba ta san wadda za ta rayu ba."

Da ciwon sikila aka haife shi, kuma sanyi ne babban abokin gabarsa. Tun muna wani ɗan gidan haya na bene a unguwar Hulme yana ƙarami, da zarar hunturu ya kama mun san hanyar asibiti ta buɗe. Amma ban taɓa jin ya ce me ya sa shi ba. Idan mahaifiyarsa, Hajiya, ta tambaye shi jiki, sai ya ce ɗan kaɗan ne, alhali zanen gado na damƙe a hannunsa. Idan nas ta sha wahalar samun jijiyarsa, shi ne mai ba ta haƙuri.

Lokacin da na rasa aiki na zama kayan ɗaki a falo, ba na fita sai masallaci. Shi kuwa sai ya riƙa hawo jirgin ƙasa daga Birmingham, ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, yana yi mini tambayoyi: wane tsayi ake barin ciyawa, me ke faruwa idan an yanke ta da jiƙa. Ni kuma in gyara zama in yi ta lacca kamar farfesa. Sai daga baya na gane duk ya san amsoshin, ya ma fi ni. Zuwa yake ya ba tsoho aikin yi ba tare da tsohon ya sani ba.

Aikinsa kuwa ga shi. Ya taɓa ziyartar wata makarantar firamare a bakin teku kusa da Legas. Filin wasanta rairayi ne, iska na ɗauke da gishiri, ga zafi ga laima, duk ciyawar da aka shuka sai ta mutu, yara na buga ƙwallo a kan tsakuwa da kwalabe. Sai ya ɗauki alkawarin nemo wadda za ta zauna. Kullum yakan ce, "Wuri ake fara tambaya kafin a tambayi iri." Iri uku ya tsaya a kansu, a wani ɗakin gilashi mai ɗumi na jami'a. Akwai ƙirikiri irin tamu ta gida, mai jure taku, amma sai da rana tsantsa, ba ta son inuwa. Akwai wata mai faffaɗan ganye da na raɗa wa Mai Kunne, tana jure inuwar bishiya, sai dai yaɗo take yi a saman ƙasa kamar kabewa, ƙafar yara na wahalar da ita. Ta uku kuwa 'Yar Gishiri nake ce mata, don da ruwan gishiri yake shayar da ita da gangan, ita kuma tana ƙara kore. Ita ya zaɓa, bayan ya yi ta tankaɗe da rairaya har ya fitar da wadda ta fi ƙarfi a cikin 'yan uwanta.

Bayan mun rufe shi a nan Manchester, abokin karatunsa Aliyu ya shigo gidana ɗauke da tire uku na roba, kowanne da irin ciyawa ɗaya a ciki. Ya ce kuɗin binciken ya ƙare, za a rufe ɗakin gilashin, kuma 'Yar Gishirin nan ba ta da ta biyu a ko'ina. Shi zai kai ta Legas da bazara idan takardun izini sun fito, amma ɗakinsa na ɗalibai ko taga mai kirki ba shi da ita. Ya ce a ajiye su kusa da hita, a kunna musu fitila, kada su leƙa waje. Na ce masa, "Aliyu, ni za ka koya wa ciyawa? Tun ba a haife ka ba nake aske ta."

Sai wata safiya ta Disamba gari ya waye tas, rana ta fito fes a bayan gida. Na dubi tiren nan uku a lungun falo, suna zaune a ƙarƙashin fitila kamar marasa lafiya. A garinmu idan sanyi ya yi, tabarma ake shimfiɗa wa tsoho da majinyaci a waje su sha hantsi. Tausayi ya kama ni, na kwashe su na kai bayan gida, na ce su ɗan ji ɗumin rana ta gaske. Ban jima da shigowa ba sai ga 'yan ta'aziyya mota biyu daga Birmingham. Aka yi addu'a, aka ci abinci, aka yi ta tuna shi. Na manta.

Da asuba na tuna, ina tsakiyar alwala. Raɓa ta daskare a kansu fara fat. Kafin mako ya zagayo duk sun koma launin kara. Ni da na tsaya a bakin kabarin ɗana ido a bushe, mutane na yaba dauriyata, sai ga ni durƙushe a kan tiren roba ina kuka kamar an yaye ni. Hajiya ta tarar da ni a haka. Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Alhaji, duk shekarun nan a garin nan, har yau ranarsu tana yi maka wayo." Na ce mata ai haske ne da ita ba wuta, kuma na san haka, hannuna ne bai sani ba.

Da ƙyar na iya kiran Aliyu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba, kun tona kuwa?" A nan wata maganar yaron ta faɗo mini, wadda ya yi mini ranar da na yi wa ƙirikirinsa dariya da ta bushe: "Kada ka yi wa ciyawa jana'iza don ganyenta ya mutu, duba ƙasa tukuna." Na sa yatsa na tona. Mai Kunne ta tafi, don duk rayuwarta a sama take, ba ta ɓoye komai ba. Ƙirikiri tana nan, dama ba ta da zuciya. Na zo kan 'Yar Gishiri. A ƙarƙashin rairayin na taɓo wata jijiya fara, mai tauri, ba ta ruɓe ba. Na mayar da ƙasa na rufe, na matsar da ita kusa da hita. Tun daga ranar ni nake zama da rigar sanyi biyu a can gefe, ita ke da wurin ɗumi.

Makon jiya Zainab ta kawo mana jikarmu. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan idonta ya kai kan tiren. Tsiro ne kore, sirara kamar allura, sun fi a ƙirga da yatsun hannu. Na gaya mata abin da na aikata, ban rage ba. Ta share ido ta ce ai shi ne ya ce a kawo mini su, tun yana asibiti. "Cewa ya yi, ku kai wa Baba. Zai yi musu tsiya, amma ba zai bar su da ƙishi ba."

Aliyu ya ce hukumar makarantar nan ta Legas na so ta sa wa filin sunansa, ya tambaye ni yadda za a rubuta. Na buɗe baki, alkunya ta riƙe mini harshe kamar yadda ta saba. Sai na ga babu sauran wanda zan ji wa kunya. Na faɗa masa, da ƙarfi, Hajiya na ji.

Ya Allah, Ka jiƙan Haruna. Haruna ɗana. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi a dausayin Aljanna inda babu sanyi mai cutarwa. Idan ciyawar nan ta kama, Ka rubuta masa ladan duk ƙafar yaron da ta taka ta ba ta yanke ba. Ka ba Zainab haƙuri, Ka raya 'yarsu bisa imani, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, Ka saka wa Aliyu da alheri. Ni kuma Ka ba ni hankalin barin ta a ɗaki har bazara, kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.