Ranar da Kwamfuta Ta Tambaye Ni Ranar Haihuwata

Aikin nan ya ba ni wahala, babu abin ɓoyewa. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin kwamfuta a wata kwaleji a Dutse. Ni ne shara, ni ne goge-goge, ni ne jan igiyar janareta har kafaɗata ta dama ta lalace. Yawancin abin da ya faru a shekarun nan ya bi ruwa, amma akwai yini ɗaya da ba zai fita daga raina ba har ƙasa ta rufe mini ido.

Ni aji huɗu na yi a firamaren Aujara aka mayar da ni gona. Karatuna bai wuce in haɗa baƙi in rubuta sunana ba. Lokacin da na kama aikin nan ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, kwamfuta kuwa a garin nan sai ka ƙirga da yatsu. Namu takwas ne, biyu sun mutu. Ranar da aka ba ni makulli aka ce in wata ta sake lalacewa, aikina ne zai tafi. To, sai na riƙe su kamar ƙwai. Na sa tela ya ɗinka wa kowacce mayafinta. Ɗalibi bai isa ya shigo da takalmi ba, bai isa ya taɓa ba sai malami yana tsaye, malami na fita ina garƙame ƙofa. Har suna suka sa mini, Baba Makulli.

Saboda haka yaran da ke koyon rubuta wa na'ura umarni, abin da suke kira furogiram, a takarda suke yin sa. Su kwafa daga allo, su haddace kamar masu tilawa, har waƙafi da aya, ranar jarrabawa su juye a takarda a ba su maki. Cikinsu akwai ɗan wana, wanda yake zaune a wurina a unguwar Limawa. Shi ne na farko a gidanmu da ya kai nan. Ranar da ubansa ya kawo shi, a tasha ya kama hannunsa ya sa a nawa ya ce, "Ga amana nan."

A shekararsu ta ƙarshe aka kawo sabon malami, wani siriri marar son dogon zance. Ya duba takardunsu ya ga kowa makinsa a sama, ya ce shi bai san abin da makin nan yake aunawa ba. Ya ce aikin ƙarshe, kowa ya haɗa abin da zai amfani mutanen garinsu, tambayoyin da na'ura za ta yi su fito da Hausa, kuma shi ba takarda zai duba ba. Wanda bai san komai ba ne zai zauna gaban na'ura. In ya iya aiki da abin ba a taya shi ba, an ci. Sai ya juyo ya nuna ni, ina riƙe da tsintsiya.

"Baba ne zai gwada."

Na ce, "Ni? Ranka ya daɗe, ai ni goge su kawai nake yi."

Ya ce, "Shi ya sa."

Ɗan wana ya haɗa na rajistar marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye. Safiyar jarrabawa muna shan koko ya miƙo mini 'yar takarda. Ya ce, "Baffa, in an zo kan nawa, abin da ke nan kawai za ka danna. Kada ka ƙara, kada ka rage." Na karɓa na sa a aljihu.

Kafin a zo kansa, na yara da yawa sun riga sun watse a hannuna, ina dangwala da yatsa ɗaya suna ta salati a bayana. Aka kira shi. Na'ura ta tambayi suna, na sa. Ta tambayi gari, na sa Aujara. Sai ta tambayi ranar haihuwa: rana, wata, shekara.

Na tsaya. Ni abin da innata ta gaya mini shi ne da kaka aka haife ni, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta. Na san a takardar da ke aljihuna akwai ranar da yaron ya ƙirƙiro mini. Ya yi gyaran murya a bayana. Na tuna ubansa a tasha. Sai kuma na tuna innata. Tsohuwar da za ta je asibitin nan zazzaɓi na cin ta, wa zai sa mata takarda a aljihu? Na bar gurbin ba komai, na danna babban maɓalli. Na'ura ta yi 'yar ƙara, ta zubo layukan Turanci, komai ya tsaya cak.

Malam ya ce, "Baba, me ya sa ba ka cika ba?"

"Ban san ta ba, Malam."

Ya dubi ajin ya ce wanda ya san ranar haihuwar babarsa ya ɗaga hannu. Biyu kacal suka ɗaga. Ya tambayi ɗan wana inda ya samo wannan tsari, ya ce a littafi.

"Littafin bai san Aujara ba. Kai ka san ta. Zauna ka gyara mu gani."

Ɗan wana ya zauna gaban maɓallai. Yaron da zai karanto maka abin a haddace daga farko har ƙarshe, bai san layin da zai taɓa ba. Malam ya ba duk wanda nasa ya watse sati ɗaya. Wanda bai gyara ba, sai ya maimaita shekara.

A waje ɗan wana ya tare ni, idonsa jajir. "Baffa, ranar haihuwa ai lambobi takwas ne kawai! A kan lambobi takwas ka kayar da ni?"

Na ce, "Ni ban iya yi wa na'ura ƙarya ba."

Ya ce, "To sau nawa ka bar ni na zauna gabanta? Shekara nawa muna leƙen ta ta taga?"

A da na ɗauka ni aka ba ma'auni in auna yara. Ashe har da ni aka auna. Na tsare ƙarfe, na hana masu shi.

Yaron ya ci a ƙarshen satin, da kyar, bayan ya ƙara gurbin da mutum zai ce bai sani ba, a ƙiyasta masa. Abin da na koya ke nan: ba a gane mai noma da yawan waƙar gona, sai an miƙa masa fartanya. Wanda kuma ya ɓoye fartanyar ba shi da bakin zagin rago.

Amma ni washegarin jarrabawar na fi tunawa. Muna idar da asuba na tsaya a ƙofar ɗakinsa na karkaɗa makullai. Bai kula ni ba, amma ya biyo ni. Na buɗe ɗakin kwamfuta tun rana ba ta gama fitowa ba, na ja janareta da kafaɗar hagu, na yaye mayafan nan gaba ɗaya na ninke su na cusa a buhu. Na tokare ƙofa da dutse, na ce ya je ya kira sauran ɗalibai. Sannan na jawo kujera kusa da shi na zauna na ce, "In ka gyara, ka ce mini. Zan sake lalata shi."