Hucin da na ji a ƙirjin kwikwiyo

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda maza ba sa kaiwa ga furfura. Kakana ya faɗi yana alwala. Babana ya cika a zaune da kofin shayi a hannu, ko zubewa bai yi ba. Wana kuwa ana tsakiyar raha ya kife. Tsofaffin matan gidan suka ce akwai mai bin mu. Wai kakanmu da zai taso hajji a ƙasa ya yi wa uwarsa alkawarin komawa, bai koma ba, shi ne abin ya biyo sawunsa har Jidda yana ɗaukar maza ɗaya bayan ɗaya. Don haka duk namijin da aka haifa sai a huda masa kunne a zura zare, in abin ya zo ya ɗauka mace ce ya wuce. Ni ma da hujina, ɗana ma da nasa, amma hankalina bai taɓa kwanciya a kan yaron nan ba.

A lokacin ina tuƙa wani Bature injiniya. Matarsa ta ƙwallafa rai a kan kwikwiyo, irin da suke kira sifaniyel, mai kunnuwa har ƙasa da idanu kamar na maraya. Wasu Turawa ne karyarsu ta haihu. Uwargidan ta ce ba ta saye sai likita ya duba. Na ce a raina, duniya kenan, mu 'yan Adam ba mu ga likita ba, kare zai gani. Muka biya tashar jirgin ruwa muka ɗauko likitan dabbobi, wani Bahaushen Sudan mai duba tumakin da ake saukewa.

Ga mamakina, bai ko kalli kwikwiyon ba. Uwar ya fara tarewa, ya ɗora mata abin sauraren ƙirji, ya daɗe idonsa a rufe. Sannan ya tambayi masu ita yadda kakar kwikwiyon ta mutu. Suka ce lafiyarta ƙalau, tana cikin gudu a lambu ta faɗi.

“Riƙe min ɗan, ya akhi, ɗan'uwana,” ya ce da ni.

Na naɗe hannuna da tsumman goge mota saboda najasa, na ɗauke shi. Likita ya saurara, ya girgiza kai.

“Halas, magana ta ƙare, kada ta saya. Zuciyar tana yoyo. Wirasa ce, gado, yana bin jini.”

Ya ga na taɓe baki. “Ba ka yarda ba? Yalla, isma', saurara da kunnenka.” Ya saka min abin a kunne.

Na ji bugu, sai huci a bayansa, kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Na san wannan hucin. Ina ƙarami nakan kwanta a ƙirjin babana lokacin ƙailula, shi ne yake sa ni barci. Duk rayuwata na ɗauka haka zuciyar kowa take.

“Daktor,” na ce, “mutane ma suna gadonsa?”

Ya dube ni, ya dubi hujin kunnena. “Suna yi. Wa kake tambaya wa?”

Na ce babu kowa. Tsoro ne ya sa na ɓoye masa.

Bayan la'asar na isa gida, ko takalmi ban cire ba na jawo ɗana, na manna kunnena a ƙirjinsa. Matata ta fito daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Na ɗaga mata hannu. Na saurara, na sake saurara. Bugu ne tsab, babu huci ko kaɗan. Na zube a tabarma ina hamdala, hawaye na bin fuskata.

Sai ƙanwarsa, 'yar autata, ta ɗauka wasa ne muke yi. Ta haye cinyata tana ɗaga riga. “Baba, ni ma! Ni ma!” Ita ba a taɓa yi mata wata dabara ba, ai mace ce. Ina dariya na kai kunnena.

Hucin yana nan, a fili, irin na babana sak.

“Me ka ji, Baba?”

Na ce mata lafiya lau. Ta sauka da murna ta ruga waje wurin ƙawayenta. Na bi ta har bakin ƙofa, na tsaya ina kallon yadda take gudu.