Ranar da Sarkin Noma Ya Yabi Ɗansa

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa tuwon gwamnati, ban taɓa mantawa da ranar da Sarkin Noman wani ƙauye a ƙasar Kuyello ya yabi ɗansa a gaban manya ba. Ku da kuka kama aikin nan jiya-jiya, gani kuke kicin wurin hayaƙi ne kawai. To ku sani, mai kai abinci tana shiga ɗakin da ko hakimi sai ya nemi iso, kuma ba wanda ke rage murya dominta. An ɗauke ta ɗaya da tiren da ke hannunta.

Lokacin ni ce babbar kuku a gidan saukar baƙi na ƙaramar hukuma, nan Birnin Gwari. Sama da ni akwai mai kula da gida, sama da shi sakatare, ƙasa da ni mata masu wanke-wanke da ɗebo ruwa. Ban yi boko ba, albashina ma da babban yatsa nake karɓa. Amma ku tambayi duk wanda ya san zamanin, ba baƙon da ya taɓa mayar wa Inna Kande kwano da saura, sai sau ɗaya tak.

Zamanin farar hula ne, bayan soja sun miƙa mulki, daidai lokacin da yaran da aka kwasa makarantar kyauta suka fara gama firamare. Gwamnati ta buɗe makarantar kwana ta kimiyya, aka ce ta masu kaifin kai ce, daga can ake zama likita da injiniya. Abinci kyauta, littafi kyauta, har sabulu. Amma gurbi kaɗan ne, yara kuwa kamar fara.

Ga yadda ake ɗauka. Da farko yara su rubuta jarrabawa a makarantunsu. Waɗanda suka ci sai a kira su gari domin intabiyu, wato a zaunar da yaro a yi masa tambayoyi baki da baki. Mutum uku ke zuwa daga Kaduna: shugaban kwamiti, da malamin lissafi, da malamin asibiti. A babbar firamare ta cikin gari ake zama, ni kuma a ɗauko ni da tukwanena in ciyar da su, in ciyar da yaran.

Sai dai akwai dokar shekaru. An ce ba a son ƙato a cikin ƙananan yara. Wanda aka haifa a asibiti yana da takardar haihuwa, ya miƙa ya wuce, ba mai duban jikinsa. Waɗannan kuwa 'ya'yan ma'aikata ne da na 'yan kasuwa, da aka haifa a Kaduna ko Zariya. Yaron ƙauye da aka yanke wa cibi a bayan ɗaki, wa ya ba shi takarda? Shi sai a tsayar da shi jikin bango, inda aka ja zane da alli. In kansa bai kai zanen ba, ya shiga. In ya zarce, malamin asibiti ya ja shi gefe ya duba haƙora da hammata. In abin ya rikice, a kira uba a tambaye shi.

Ranar jajiberen intabiyu, wajen la'asar, motar masu ɗibar katako ta sauke mutum uku a bakin makaranta. A wancan lokaci mutum yakan ratsa dajin nan ba abin da yake tsoro sai kura da lalacewar mota. Ɗaya malami ne, Malam Yohanna, siriri mai yawan share gumi. Ɗaya dattijo ne mai faɗin kafaɗa, shi ne Sarkin Noman. Na ukun ɗansa ne, Bawa.

Da na ga yaron sai na san akwai matsala. Ba don komai ba sai shigar da aka yi masa. Uban ya ba shi babbar rigarsa ta zuwa biki, da dogon wando, da hula mai tsayi, don a girmama manyan gwamnati. 'Ya'yan gari kuwa duk gajeren wando aka sa musu, an yi musu aski ƙwal, kowa ya zama ɗan mitsitsi. Na ja Malam Yohanna bayan kicin na ce a cire wa yaron nan rigar. Ya ce ya yi magana tun a hanya, dattijon ya ce ɗansa ba zai tsaya gaban sarakuna da gwiwa a waje ba. Da ƙyar muka samu ya yarda a bar hular.

Malamin ya gaya mini yaron ne ya fi kowa a lissafi a duk makarantun yankinsu. Sai da ya yi wayo aka buɗe makaranta a ƙauyen, shi ya sa ya fara a makare, kamar duk sa'o'insa. Yaron da kansa ba shi da magana. Na zuba masa shinkafa da wake, ya ce na gode Inna, ya juya baya ya ci. Hannunsa duk kanta, kamar bayan tukunya.

Washegari da hantsi na shiga da shayi, na tarar Bawa ne a kan kujera. Ni Turanci ba na ji, amma na san fuskar mutumin da ya ɗanɗani miya ta yi masa daɗi. Malamin lissafin nan ya yi tambaya, yaro ya amsa. Ya ƙara, ya amsa. Sai ya ture kofin da na ajiye masa, ya miƙe ya cika allo da rubutu, ya miƙa wa yaron alli. Da Bawa ya gama, mutumin ya koma kujera yana dariya shi kaɗai, yana kaɗa kai. Na yi ta goge teburin da ba ya da datti don kada in fita.

Aka zo awo. Kan Bawa ya haura zanen da ɗan kaɗan, abin da bai fi kaurin yatsa ba. Malamin asibiti ya duba shi, ya dawo ya ce abin yana tsakani, ba zai rantse ta kowane gefe ba. Aka ce a kira uban.

Shugaban kwamiti mutum ne mai furfura a gefen kai, mai sanyin magana. Ya gaida dattijon da Hausa, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa. Sa'annan ya tambayi shekarun yaron. Sarkin Noma ya ce su ba sa ƙirga, amma a cikin shekarun yaƙi aka haife shi, lokacin da ake ɗibar samari soja. Shekarun yaƙi kuwa ba ɗaya ba ce. In farkonsa ne yaro ya wuce, in ƙarshensa ne yana ciki. Na ga shugaban ya dubi malamin lissafi, ya dubi takardarsa, sa'annan ya sunkuyo ya ce a hankali:

"To Baba, ai dai yaro ne ƙarami, ko? Jiki ne kawai irin na gida."

Duk wanda ke ɗakin ya gane ƙofa aka buɗe. Malam Yohanna yana bakin taga yana ɗaga kai kamar ƙadangare. Abin da ya rage dattijo ya ce i.

Amma ku tsaya ku ji ta mutumin. Tun da ya yi wayo, gwamnati ba ta taɓa zuwa ƙauyensu neman ƙarami ba. In aikin hanya ne, ƙarfafa ake so. In soja ne, ƙarfafa. Raggo shi ake mayarwa gida. Shi a ganinsa raina ɗansa ake shirin yi. Sai ya gyara tsayuwa, ya ce:

"Yaro? Ranka ya daɗe, wannan ya wuce yaro. Tun bara na yanka masa gayaunarsa. Ranar gayya ba saurayin da ke riga shi fita kunya. In na kwanta yau, shi zai riƙe gandu. Ku ɗauke shi ba za ku ji kunya ba, namiji na kawo muku."

Don waɗanda suka tashi a gari: gandu gonar gida ce, kowa na yi mata aiki. Gayauna kuwa 'yar gona ce da uba ke yanka wa ɗa ya zama tasa, ranar da ya ga ya shiga sahun maza. Shugaban ɗan ƙauye ne shi ma, ya san wannan sarai. Ya jingina da kujera ya rufe ido. Malamin asibiti ya ja takarda ya yi rubutu. Dattijo ya fita yana murmushi, har ya tsaya ya gaishe ni da aiki.

Da na kai abincin rana, na ajiye langa na ƙi tafiya. Ban taɓa sa baki a maganar manya ba sai ranar. Na ce wa shugaban, ranka ya daɗe, yaron ƙauye da ya iya riƙe garma ake ba shi gayauna, ba shekara ake dubawa ba. Na ce kuma da safe na zuba wa wani mai takarda koko, muryarsa ta fi ta mijina kauri, ga shatin reza a haɓarsa. Bai yi fushi ba. Ya ce:

"Inna, na gani. Wancan takarda ya kawo, ba ni da ikon duba haɓarsa. Wannan ubansa ne ya yi shaida a gaban mutum uku. In na goge, gobe wani babba ya kawo mini nasa ƙaton ya ce in goge. Da me zan hana shi?"

Na ce to Allah ya kyauta. Ya ce amin. Ranar ce kaɗai aka mayar mini da kwano ba a taɓa ba.

Da yamma aka karanta sunaye a tsakar makaranta, babu Bawa. Malam Yohanna ya kasa yi wa dattijon bayani, ya tura shi wurina. Ya zo ya tsuguna kusa da murhu, babban mutum kamar wannan, ya ce Inna, me yaron ya kasa? Na ce bai kasa komai ba. Na gaya masa gaskiya, cewa ƙanana ake nema, kuma yabon da ya yi ne ya fitar da ɗansa. Can ya ce:

"To in na karɓe gayaunar fa?"

Na ce Baba, shekara ba ta komawa baya. Ya ce ya ji. Ashe bai ji ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Yohanna na samu. Dattijo ya koma gida ya karɓe gonar ya mayar cikin gandu. Ya hana Bawa taɓa garma duk daminar nan, wai hannunsa ya yi laushi. Ranar gayya samari suna gona ana kiɗa, shi yana zaune gindin bishiya tare da masu goyon ƙanne. Sa'o'insa suka sa masa suna Amarya. Ya maimaita aji, ya sake rubuta jarrabawa, ya sake cinyewa.

Da shekara ta kewayo suka dawo. Wannan karon gajeren wando ne, kai ƙwal, ba riga ba hula. Amma yaron da ya huta damina guda yana cin tuwo, me kuke zato? Ya yi tsawo kamar dawa a fadama. Kwamitin ma sabo ne, ba wanda ya san shi. Ko kujera ba a ba shi ba. Daga bakin ƙofa malamin asibiti ya dube shi, ya dubi bango, ya ce na gaba.

Ina tsaye da butar shayi lokacin da Sarkin Noma ya matso ya riƙe ƙofar. Bai ɗaga murya ba, amma iyayen da ke layi duk sun ji. Ya ce yaro ne, ranka ya daɗe. Ya ce bai iya komai ba, ko kunya ɗaya ba ya kaiwa, raggo ne, gidan ma ba shi da amfani. Ya yi ta faɗa yana rantsuwa. Bawa yana tsaye a bayansa da gwiwoyi a waje, yana jin ubansa. Masinja ya zo ya cire hannun dattijon daga ƙofa da ladabi.

Ba su tsaya cin abinci ba. Na bi su da ƙunshin ƙosai har bakin hanya, uban yana gaba, ɗan yana can baya. Ban sake ganin ko ɗayansu ba. An ce yaron bai koma makaranta ba, bai kuma koma gonar ubansa ba, ya bi masu yankan katako cikin daji.

Bayan wannan labari ya zaga ƙauyuka. Kowane uba ya koyi abin faɗa. Na ga dattawa masu mutunci, Musulmi da Kirista, suna rantsuwa cewa ɗansu jiya aka yaye shi. Na ga yara suna lanƙwasa gwiwa a jikin bango. Masu hali suka gano inda ake samo takarda, marasa hali suka ci gaba da tsayawa a zane. Ba a ƙara ɗaukar 'yan ƙauye fiye da da ba, ƙarya ce kawai ta ƙaru.

Na ciyar da kwamiti bayan kwamiti har na ajiye aiki, kuma zan faɗa muku, yawancinsu ba mugaye ba ne. Ban taɓa ganin an miƙa wa wani ko sisi a ɗakin nan ba. Da cin hanci ne da sauƙi, sai a kama ɓarawo a huta. Kowa dokarsa ya bi, kowa ya koma gida da hannu mai tsabta. Dokar ce aka ɗinka daidai jikin 'ya'yan masu ɗinkin, sa'annan aka kira kowa aka ce zo ka gwada, ba a hana ka ba. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, 'ya'yana, kuma ban ga ya sake ba. Ku dai in an kawo yaran ƙauye intabiyu, ku cika musu kwano. Da yawansu abin da za su samu daga gwamnati ke nan.