Azumin da Inna ta rama saboda ni

A shekarar da nake ba da labari, idon Inna ya yi yana, kunnenta kuma ya yi nauyi. Masallatai uku ne suka kewaye gidanmu a Dukawuya, kowanne da lasifikarsa, amma daga ƙuryar ɗakinta ko ɗaya ba ta ji. Ga ta da kafiya. Likita ya ce da ciwon sugan nan ta haƙura da azumi, ta ce tun kafin sojoji su karɓi mulki take yi, har suka gaji suka miƙa wa farar hula ba ta sha ko ɗaya da gangan ba, ba kuma yaron da aka haifa jiya ne zai sa ta fara ba. Matata ta tafi wankan jego gidansu, daga ni sai Inna a gidan. Sai muka yi dabara. Kullum bayan la'asar in ajiye mata dabino da kofin ruwa, in sa wayata a gefen matashinta, in ƙure ƙara. Wayar na kiran salla, sai ta sha ruwa. Ni kuma in koma rumfata ta wankin hula a Ƙofar Kabuga, don aikin salla ya taru.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne abin da nake yi da wayar kafin in ajiye mata. Cacar ƙwallo nake yi. Da aka rurrufe shagunan caca a gari na yi murna a baki, a zuci kuwa na shiga neman hanya. Maƙwabcin rumfata, mai gyaran waya, shi ya sa mini VPN, irin na kyauta. Ya ce da shi wayar za ta nuna kamar a wata ƙasa nake, in shiga shafukan da ba sa karɓar mutanen nan. Ya kuma kashe abin da ke nuna inda mutum yake, don kada shafin ya gano ƙaryar. Na tambaye shi ko akwai matsala, ya yi dariya ya ce ni dai tsoro ya yi mini yawa. Na tura hoton katina na ɗan ƙasa ga mutanen da ban san ko a ina suke ba, ban ko ji ɗar ba. Da azumi ya kama na yi rantsuwa na daina. Rantsuwar ta yi kwana goma sha ɗaya.

Rana ta goma sha biyu akwai wani wasa da na tabbata a raina na san yadda zai ƙare. Bayan la'asar na tsaya a soro, na kunna VPN, na zuba kuɗi, ina waige kamar ɓarawo a gidan ubana. Inna ta ƙwala mini kira, na yi sauri na kai mata wayar. Ban kashe VPN ɗin ba.

Wajen ƙarfe shida na dawo da ƙanƙara da ƙosai a leda. Rana tana nan jajir a saman katangarmu. Na ɗaga labule, sai na ga ƙwallon dabino uku a faranti, kofi ya yi rabi, Inna tana zaune kan darduma tana sallar magariba. Na ɗauki wayar na duba: lokutan sallar wani birni ne can kudancin Afirka, inda rana ta riga tamu faɗuwa. Wayar ta ɗauka a can muke.

Ta sallame ta juyo wajen motsina.

"Kai ne? Yau ka makara. Ka sha ruwa kuwa?"

"Na sha, Inna," in ji ni, maƙogwarona a bushe.

Na fita tsakar gida na tsaya riƙe da leda, ƙanƙara tana ɗiga a kan ƙafata, har masallatan uku suka kira sallar gaskiya.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. Na san hukuncin, tun muna allo aka koya mana: sai ta rama. Amma in na faɗa mata, za ta tambayi dalili, kuma Inna ba ta tambaya sau ɗaya ta bari. In kuma ta rama, a jikin nan nata, kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. In na yi shiru, na bar ta da ramuwar da ba ta san da ita ba. Ina murza hula a ruwan kumfa ina wannan lissafi, har na haɗa hular wani Alhaji da wata mai zubar da launi na ɓata ta. Na huce a kan mai gyaran waya, na zage shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Malam, ni na ce ka ba tsohuwa wayar?" Haushi ya ƙara kama ni don gaskiya ya faɗa.

Wasan kuwa na ci. Da na je cire kuɗin, shafin ya ce ƙasar da katina ya nuna daban da wadda nake shigowa, suka rufe asusun da komai a ciki, hoton katina kuma yana hannunsu har yau. Wallahi ko zafin wannan ban ji sosai ba. Kullum da yamma sai in duba wayar sau biyar kafin in ajiye mata, in je rumfa in kasa zama, in dawo in laɓe a soro ina kallon rana.

Ranar salla Inna ta sa aka ɗaura mata sabon ɗankwali. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa, "Bana ma cif na yi su, a je a gaya wa likita." Ana dariya, ni ina kallon ƙasa.

Kwana huɗu bayan salla, matata ta dawo da jaririya, na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Dole na ɗaga murya don ta ji, don haka duk gidan ya ji, har da matata a bakin murhu. Na faɗi cacar, na faɗi ƙaryar ƙasar da na sa wayar ta yi, na faɗi ranar. Inna ta daɗe tana jan carbi.

"Tun sha biyu ga wata ka sani?"

"E, Inna."

"Ka zauna kana ji ina cika baki a gaban mutane."

Ba ta ƙara ko kalma a kan caca ba. Ta ce a tashe ta sahur.

Washegari an yi rana mai zafin gaske. Ban je rumfa ba. Da azahar leɓenta ya bushe, hannunta yana rawa a kan carbi, na roƙe ta ta sha ruwa ta bari sai an samu sanyi, ta yi kamar ba ta ji ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina ƙirga numfashinta. Bayan la'asar na ajiye dabino da ruwa, na zaro wayar kamar yadda na saba. Ta lalubo ta a gefen matashi, ta miƙo mini.

"Riƙe abinka. Kira mini matarka, ita za ta faɗa mini in rana ta faɗi."