Muryar da Salihu Ya Ara

Duk wanda ke cin kasuwar Yankara ya san Salihu mai lasifika. Yakan ɗaure lasifikarsa a bayan babur, ya tsaya gefen 'yan hatsi yana shela, ko akuyar wani ta ɓace, ko za a zo yi wa shanu allura, ko an buɗe sabon injin niƙa. Gonarsa 'yar ƙarama ce, ba ta kai shi damina, don haka da maƙogwaronsa yake ciyar da matarsa Safara'u da 'ya'yansu huɗu.

Bayan ƙarfin murya, Allah ya yi masa baiwar kwaikwayo. In ya zauna teburin mai shayi sai a yi ta roƙonsa ya yi muryar wani tsohon jarumin fim na Kano, wanda kullum yake fitowa a matsayin uba nagari. Mutane sun yarda da dattijon nan ƙwarai, har kamfanoni kan sa muryarsa a tallan talabijin, a nuna kaya shi kuma yana bayani daga baya. In Salihu ya gyara zama ya ja numfashi, sai ka rantse jarumin ne zaune a kan benci.

Ana gab da saukar damina wani ɗan kasuwa mai suna Shamsu ya ji shi yana wannan wasa. Ya ja shi gefe ya ce yana da takin ruwa a farar jarka, wanda ake fesa wa masara maimakon takin buhu da ya gagari talaka. Ya ce yana so Salihu ya yi masa talla da muryar jarumin, don ya nemi jarumin bai same shi ba, kuma ai ba za a nuna fuska ba, ba za a ambaci sunan kowa ba, murya ce kawai. Salihu ya amince. Bai tambayi ko an gwada takin ba. Abin da ya cika masa rai shi ne yau shi ma za a ji shi a talabijin.

A wani ɗaki da aka manna wa katifu a bango aka ɗauki muryar, sau bakwai yana maimaitawa. Bayan sati biyu tallan ya fara fita a wata ƙaramar tasha ta tauraron ɗan'adam, ga masara kore shar tana kaɗawa, ga muryar dattijo tana cewa shi ba ya sa bakinsa a abin da bai yarda da shi ba. Daga nan ya shiga wayoyi, ya zagaya Faskari da Sabuwa da Kankara. Salihu na ji ana cewa tunda dattijon fim ya faɗa magana ta ƙare, ya riƙa murmushi shi kaɗai.

Safara'u ce ta fara ganewa. Maƙwabciyarta ta kunna mata tallan a waya, ta saurara sau biyu. Da Salihu ya dawo ta ajiye masa ruwa, ta ce, "Malam, yaushe Bakano ya fara cewa 'ku tahi ku saya'?"

Ya yi dariya ya ce wasa ne kawai na neman abinci. Ba ta taya shi dariyar ba, ta dai tambaye shi ko zai fesa a gonarsu. Bai fesa ba.

Da masara ta kai gwiwa labari ya fara zuwa. Takin bai ƙona shuka ba, bai kuma ƙara mata komai ba, ruwa ne mai kala. Waɗanda suka haɗa da takin buhu sun tsira, waɗanda suka dogara da shi kaɗai kuwa gonakinsu suka yi rawaya suka tsaya. Shamsu ya daina zuwa kasuwa, tashar ma ta cire tallan. A teburin mai shayi sai zagin jarumin ake yi, ana cewa tsufa bai hana shi cin amana ba. Salihu yakan sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi.

Cikin waɗanda abin ya shafa har da Baba Yusufu na wajen Ketare, Kirista ne, aminin mahaifin Salihu tun suna samari. Shi ya ba su masauki shekarar da rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyensu. Gonakinsa na daji ba sa nomuwa yanzu, wadda ke bayan gida ce kawai ta rage masa, kuma ita ya fesa wa takin. Da Salihu ya ji, kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. A na huɗu ya kwance lasifikar ya ajiye, ya hau babur.

Ya tarar da dattijon a gonar yana duba ganye. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi zancen ruwa. Baba Yusufu ya nuna masarar ya ce shi bai ga laifin kowa ba sai nasa, da ya yarda da mutumin da bai taɓa gani ba. Nan Salihu ya durƙusa tsakanin kunya biyu ya faɗa masa komai, idonsa a ƙasa.

Dattijon ya dube shi. Ya ce, "Salihu, da da muryarka ka yi, da na aiko an tambaye ka ko ka gwada. Ka san ba za ka iya yi mini ƙarya ido da ido ba."

Ya shiga gida ya fito da ƙwaryar irin wake da fartanya biyu, ya ce lokacin masara ya wuce amma na wake bai wuce ba. Suka yi ta shuka har la'asar. Salihu ya riƙa komawa duk Talata har aka yi noma na biyu.

Sau da yawa ya yi niyyar ɗaukar lasifika ya faɗi gaskiya a tsakiyar kasuwa, ya wanke dattijon Kano da ake zagi a banza. Har yau bai iya ba. Yana nan yana shelarsa, sai dai ya daina karɓar tallan kayan gona, in an tambaye shi dalili sai ya kawo wani zancen. Baba Yusufu kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da kaka ta yi, wani direba ya sauke ƙullin wake a ƙofar gidan Salihu, ya ce saƙo ne daga Ketare. Safara'u ta dafa da shinkafa ta zuba manja da yaji, yara suka ci suka nemi ƙari. Salihu ya yi loma biyu, ya wanke hannu ya fita zaure.