Baba Zai-Girma

Shekara goma sha biyu shagona na jikin nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni ina sayar da sabulu da ashana, shi yana taka keken ɗinki. Don haka in ana zancen telan nan, ni za a tambaya.

Ɗan siririn dattijo ne, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, da tef ɗin awo rataye a wuya wanda sai ka rantse don ado ya saya. In aka kawo masa yaro ɗinkin kayan makaranta, sai ya leƙe shi ta saman tabarau, ya ƙara kamu huɗu a ransa, ya sa almakashi. In uwa ta yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: zai girma. Haka sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Ni ma ya taɓa ni. Na kai masa autana, bayan kwana uku aka kawo wando. Wallahi a ƙafa ɗaya yaron ya shige, da sauran wurin da yayansa zai zauna. Na ɗauki wandon na isa shagon, ban bar komai a cikina ba. Na ce ni ɗa na kawo masa, ba buhun gawayi ba. Ya bari na gama tas, ya gyara tabarau, ya ce zai girma. Na ce kafin ya cika wandon nan ai na ga jikokinsa.

Kuma ba yadda muka iya da shi, domin yadin makarantar da bajin da ake liƙawa a riga a hannunsa suke. Kullum da safe sai layinmu ya cika da yara suna jan ƙafar wando, hannun riga na lilo, kamar an shanya wanki iska na kaɗawa.

Matarsa ce ta kashe mini baki. Ta zo sayen sabulu, na fara yi mata tsiyar mijinta kamar kullum, sai ta ja benci ta zauna. Ta ce kafin in zo unguwar, babu telan da ya kai shi iya awo. Sai wani direba da ke ƙarshen layi ya rasu, ya bar yara uku. Baba ya ɗauki karatunsu, littafi da takalmi da komai. Daga uku suka zama bakwai, don shi ba ya iya jin an ce maraya ya zauna a gida. Sabon yadi duk shekara kuwa ya fi ƙarfinsa, sai ya yi dabara: ya ɗinka musu manya, ya kalmasa ƙasan ninki uku, duk shekara ya warware ninki ɗaya. A ganinsa ya gama wayo.

Ashe ya yi musu tambari bai sani ba. Wata safiya ya tarar da babbar 'yar direban ɓoye a bayan shagonsa, lokacin da ya kamata tana aji. Ta ce a makaranta 'yan buhu ake ce musu, duk wanda aka gani da babbar riga an san ba shi da uba, kayan taimako ne a jikinsa. Ta ce ita ta gama karatu, ko za a yanka ta.

Kwana uku, in ji matar, bai ci abincin kirki ba. In ya rage musu kayan, baɗi ba abin sawa. In ya bar su haka, yarinya ta bar makaranta ke nan. Rana ta huɗu aka kawo masa awon ɗan hedimasta, sai ya dubi yaron ta saman tabarau, ya ƙara kamu huɗu. Kafin zangon karatu ya ƙare, ɗan mai kanti da ɗan mai wankin mota duk sun zama 'yan buhu, babu mai iya nuna maraya. Yarinya ta koma aji.

Shi kuma sunansa ya ɓaci. Manya suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri, aka bar shi da yara da zagin iyayensu. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Matar ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ni da magana ba ta kwana a cikina, shekara goma ina riƙe da wannan, har ramewa na yi. Duk uwar da ta zo faɗa, sai in tare ta a ƙofa in ce ai haka ake yayi yanzu, ita ce ba ta waye ba.

Bara 'yar direban ta gama makarantar koyon jinya. Ta zo da farin yadi a leda, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ba wanda zai ɗinka mata rigar aikinta ta farko sai shi. Na bar mai sayen ashana a tsaye na leƙo. A gabana ya cire tef ɗin nan daga wuya, ya miƙa wa matarsa ta auna, yana rubutawa a bayan kwali.

Ranar karɓa ma ina wurin, ba a gayyace ni ba. Riga ta zauna mata cif, kamar a jikinta aka zana. Ta sunkuya ta juya ƙasan rigar, tana laluben ninkin da ta saba ji tun tana 'yar shekara tara. Babu komai sai kalmasa ɗaya siririya.

“Baba, ina ragowar?” ta ce.

Bai ɗago daga kan keken ba. “Ke kin girma,” ya ce.

Ta rufe fuska da hannun rigar. Ni kuma na ce sabulu ne ya shiga mini ido. Shi kuwa faɗa ya kama yi mata, wai kada ta ɓata masa farin yadi tun ba a ga aikinsa a asibiti ba.