Takardun da Suka Jira Sa Hannu

Shekara huɗu na yi ina rubuta takardun haihuwa a wani gari na Damargu, arewa da Gangara. Iyalina suna Damagaram, ni kaɗai nake kwana a ɗakin da aka ba ni bayan buro, wato ofishinmu. Ranar da na kama aiki na tarar da rajistoci zube cikin kwali, gara ta ci gefen wasu. Mutum zai yi tafiyar wuni a kan amalanke, a ce masa ya komo mako mai zuwa.

Na sa kafinta ya yi mini kanta, na ware rajistocin ƙauye-ƙauye. Ranar kasuwa nakan kai tebur kusa da masu awon hatsi, inda kowa ke bi. Na roƙi ungozomomi su riƙa aiko mini da labarin kowace haihuwa. Kafin damina ta biyu, takardar da kan ci wata guda ina gama ta kafin azahar.

Amma sai shugabanmu ya sa hannu ya buga hatimi kafin a ba mai ita, shi kuwa a birni yake zaune, sai ya ga dama yake leƙo mu. Ranar da ya zo ya ga tulin da ke jiran sa, ya ɓata rai.

"Malam, wa ya aike ka? Rage hanzari, kana jawo mana magana."

Ya sa hannu a kaɗan, ya shiga mota.

Akwai wata dattijuwa makiyayiya da jikarta za ta zauna jarrabawar gama firamare, kuma sai da takardar haihuwa ake rajista. Sau uku tana zuwa.

"Ɗana, kai ka ce an gama."

"Inna, na gama nawa. Saura sa hannu."

"To sa mana."

Takardar tana gabanmu, da sunan yarinyar a rubuce da hannuna. Aka rufe rajistar jarrabawa ba da ita ba.

Daga nan mutane suka rage tsayawa wurina. Ni suka sani, ni na yi musu alkawari. Nakan ci tuwona ni kaɗai a ƙofar ɗaki, da safe in koma in ci gaba da rubutu, don ban iya dainawa ba.

Da aka canza mini wurin aiki zuwa Belbeji ba wanda ya rako ni tasha. Har yau ban san ko yarinyar ta koma karatu a lakkol ba.